Sirdin Baya na Keken Amparo

Duk wanda ya kwana biyu a garinmu ya san Amparo, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar tsohuwar nan mai jar hular kwano da ke wucewa da hantsi a kan dogon keke mai sirdi biyu, ita kaɗai, sirdin baya babu kowa, fedar baya tana ta juyawa da kanta. Baƙin da ke zuwa shan iskar duwatsun Asturias sukan ɗaga waya su ɗauke ta hoto suna dariya. Mu 'yan gari ba ma dariya. Gaishe ta muke yi, tsofaffin ma'aikatan ramin kwal kuwa sai ka ga sun sunkuyar da kai sau biyu, ɗaya gare ta, ɗaya ga sirdin.

An haife ta a gidan da ke bakin layin dogo, zamanin da jirgin kwal ke gangarowa daga kan dutse yana girgiza kwanukan uwarta. Tun tana budurwa ta shiga rumfar wanke kwal, tana tsince duwatsu da hannu har farcenta ya daina fari. Daga baya ta koma dafa abinci a makarantar firamare, inda ta ciyar da rabin garin nan da wake, ta zagi sauran rabin. Ba mace ce mai laushin baki ba, kuma ba ta taɓa neman a ce mata haka ba. Ta auri Belarmino, wanda kowa ke kira Mino, wani dogon mutum mai aikin dasa nakiya a rami. Ba su haihu ba. In an yi musu jaje sai ta ce yaran makaranta sun ishe ta ciwon kai.

Wata rana wata nakiya ta ƙi tashi a kan lokaci. Mino ya jira, ya ƙara jira, sannan ya koma ya duba. Ta tashi a fuskarsa. An fito da shi da rai, amma idanun sun zauna a can ƙasa.

Daga nan ya samu kujera kusa da murhu ya zauna, rediyo na magana a gefensa, hannuwansa a kan gwiwa. Shekaru ya yi a haka. Amparo ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka a bayan gida inda ba zai ji ba, duk a banza. Shara ma sai dai ta zagaye shi da tsintsiya. Ita da bakinta ta ce ta ga mutane sun mutu a kwance, amma a gidanta ta fara ganin mai mutuwa a zaune.

Ana haka aka rufe ramukan kwal ɗaya bayan ɗaya, aka kwashe ƙarafan layin dogo. Hukuma, wadda ba ta tuna mu sai in ta hango baƙi, ta zo ta shimfiɗa kwalta a kan tsohuwar hanyar jirgin, ta ce ta masu keke ce da masu tafiya a ƙafa. Mun yi tsaki a lokacin, har da ni. Amma jirgi ba ya son tudu mai tsauri, don haka hanyar ta fito a kwance lumui, tana bin gefen kogi tana ratsa cikin duwatsu, irin wadda gurgu da tsoho da mai ciwon ƙirji duk za su iya bi. Fermin ne ya fara gane haka. Abokin aikin Mino ne, wanda rufin rami ya faɗo wa a baya ya kashe masa ƙafafu. Ya kafa ƙungiya a tsohuwar tashar jirgi, ya tara kekuna iri-iri: masu juyawa da hannu irin nasa, masu taya uku, da masu sirdi biyu don makafi.

Shi ya je har gida ya ce wa Mino ko ya tashi, ko ya sa a ɗauko shi da kujerar tasa a ɗaure a bayan keke. Matsalar ita ce wanda zai zauna a gaba. Amparo rabonta da keke tun tana yarinya, ga shi ƙafarta ba ta kai feda a kan ko ɗaya daga kekunan ƙungiyar. Sai da mai walda ya yanke gaban wani ya rage masa tsawo. Aka samu keke guda a duniya da ya dace da su, gaba na gajeriya, baya na dogo.

Aikin yana da ƙa'ida, kuma Fermin ya karanta musu ita tun ranar farko. Sarƙa ɗaya ce ta haɗa fedar gaba da ta baya, saboda haka ba mai hutawa sai da yardar ɗan'uwansa, in ɗaya ya taka ƙafar ɗayan dole ta bi. Na baya ba shi da birki, ba shi da ikon juya kan keke, ba shi da ido. Bakin na gaba kawai yake da shi. Don haka na gaba ba ya shiru. Hawa, ka faɗa. Gangara, ka faɗa. Rami, kashin shanu, reshe a saitin fuska, kare, za ka matsa birki, za ka sauke ƙafa, duk ka faɗa kafin abin ya zo, ba bayan ya wuce ba.

Sun sha faɗuwa a farko, kuma duk garin ya sha jin su.

"Direba," in ji Mino, don haka ya raɗa mata, "kin ce rami bayan haƙorana sun riga sun gaisa."

"Kaya ba ya magana. Taka."

"Wane irin kaya ne ke tura mota da direbanta?"

"Irin wanda za a sauke a bakin kogi in bai rufe baki ba."

A hankali faɗuwar ta ragu, maganar ma ta ragu. Sarƙar ta karɓi aikin baki. In ta sassauta ƙafa ya san birki na zuwa, in ta danna ya san hawa ne, in ta ɗan karkata kafaɗa ya riga ta kwanciya cikin kwana. Sukan yi tafiyar rabin yini ba wanda ya ce uffan, su dawo kamar sun sha hira.

Wuri ɗaya ne magana ba ta mutu ba, shi ne Dogon Kogo, ramin da aka fasa wa jirgi a cikin dutse can sama da gari. Yana da lanƙwasa, in ka kai tsakiyarsa ba ka ganin bakin da ka shigo, ba ka ganin wanda za ka fita. Fitilun da hukuma ta sa sun mutu tun sanyin farko, har yau ana zuwa gyara. A nan aikin ke juyewa. Mino ya yi rabin ransa a ƙarƙashin ƙasa, ga kuma kunnen da makanta ta wasa masa, sai ya zama shi ne mai gani. Amparo takan yi shiru ta riƙe kan keke, shi kuma yana faɗa daga baya: dama kaɗan, ruwa a gaba kar ki taɓa birki, miƙe. A ɗaya bakin kogon wani mai hikima ya kafa turken ƙarfe a tsakiyar hanya don hana motoci shiga, daidai inda hasken rana ke dallare idon wanda ya fito daga duhu. Mino yakan ji ƙarar taya ta fara buɗewa, ya ja numfashi ya ce, "Turke," ya kwanta hagu. Duk shekarun nan Amparo ba ta taɓa ganin turken nan ba sai a gefen ido, bayan sun wuce shi.

Ƙurar dutsen da Mino ya shaƙa a rami ce ta kashe shi, kamar yadda ta kashe yawancinsu. Ya tafi cikin tsananin sanyi, ƙirjinsa na fito kamar tsohuwar butar shayi. Keken ya yi watanni a jingine a zaure.

Da ƙanƙara ta narke, Amparo ta goge shi ta sa masa mai, da niyyar ta kai wa Fermin ya ba wasu. Tsakanin gidanta da tasha akwai inda ambaliya ta taɓa cinye tsohuwar gada, hanya ta gangara zuwa rafi ta sake hawowa, shi ne kaɗai tudu na gaske a duk hanyar. Ta shiga hawan tana shirin sauka ta tura, don keke mai sirdi biyu ba abin wasa ba ne ga tsohuwa ita kaɗai. Sai ta ji an danna feda daga baya. Da ƙafar hagu aka danna. Gwiwar Mino ta dama ta daɗe da lalacewa, da hagu yake ba da ƙarfi, har keken ya saba da wani ɗan ɗingishi da ita kaɗai ta sani. Ɗingishin nan ne ya haye da ita tudun, ba ta ko yi haki ba.

A sama ta tsaya, tsigar jikinta a tashe. Ba ta waiwaya ba. Ba ta kuma je wurin Fermin ba, ta zarce Dogon Kogo, ta shiga duhun ba fitila, bakinta a rufe. Murya dai ba ta ji ba, wannan za ta iya rantsewa. Amma da hasken bakin kogon ya cika mata ido, ta ji jan numfashin nan mai fito wanda ke zuwa kafin kalmar, dab da ƙeyarta, keken kuma ya kwanta hagu.

Tun ranar kullum sai ta fita. Ba ta gaya wa kowa ba, ba ta je wurin limamin coci ba, amma a gari irin namu ba sai an gaya maka ba. Tsoro ta ji, kuma ba tsoron abin da ke bayanta ba ne, tsoron ranar da zai daina zuwa ne. Ba ta bari kowa ya taɓa sirdin. In ana yayyafi takan rufe shi da leda, nata kuwa ya jiƙe.

Haka aka yi ta tafiya har wata safiya da Fermin ya tare ta a gaban tasha da kekensa na hannu.

"Amparo, sauko ki sha kofi. Ƙafafunki ba za su gudu ba, ni nawa ne suka gudu."

"Faɗi abin da kake so, Fermin. Ba ka taɓa ba kowa kofi don Allah ba."

"Kin san Noelia, 'yar Secundino, mai motar burodi."

"Wadda ke danna min oda a ƙofar gida kamar ubanta ne ya gina titin? Na san ta."

"Ta daina danna wa kowa. Suga ya cinye mata ido, duka biyun."

Ba sabon labari ba ne ga Amparo. Ta ji labarin a kasuwa, ta dai ƙi tsayawa a kansa.

"Ka haɗa ta da samarin nan naka masu matsattsun wanduna."

"Na haɗa. Ɗaya ya ce mata jaruma, ɗaya ya yi ta lallaɓa ta kamar 'yar goye. Ta sauka a tsakiyar hanya ta ce in ba a mai da ita gida ba za ta nemi kogi da ƙafarta. Bakinta irin naki ne, shi ya sa na tuno ki."

"Ka san ƙafata ba ta kai kekunanka."

"Wannan da kike riƙe da shi fa?"

"Wannan da mai shi."

Fermin ya dubi sirdin baya, bai yi dariya ba. "Na sani. Ni ma ina gaishe shi in kun wuce."

"To ka bar maganar."

"Na bari. Amma in za ki koma, bi ta layin coci ki leƙa tagar Secundino. Ban ce ki shiga ba."

Ta ce ba za ta bi ba, kuma ta bi. Ta tagar ta hango mace mai faɗin kafaɗa, wadda ba ta wuce arba'in da 'yan kai ba, a zaune kusa da murhu, rediyo na magana a gefenta, hannuwanta a kan gwiwa. Amparo ta san zaman nan. Ta san inda yake kai mutum, ta kuma san tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya kai shi.

Haushi ne ya fara kama ta, haushin Fermin, da na yarinyar, da na Mino kansa. Bayan haushin sai baƙin ciki, don ta riga ta san abin da za ta yi, ta kuma san abin da zai ci mata. Ba wanda ya gaya mata, amma a ranta ba ta yi shakka ba: sirdi ɗaya ne, ba ya ɗaukar mutum biyu. A hanyar gida ta yi wa sirdin magana, abin da ba ta taɓa yi ba. "Ka ji abin da abokinka ya jawo mana," ta ce. Fedar baya ta ci gaba da juyawa.

Ranar da aka sa, uban Noelia ya kawo ta tasha a hannu, ya koma. Tana sanye da baƙin tabarau, haɓarta a sama kamar mai jiran a yi mata laifi.

"Ina kwana, Doña Amparo."

"Ki bar girmamawar nan ta Doña a gida, 'yar nan. Ni na zuba miki wake a makaranta kina zubarwa ta taga, ina kallonki."

"Ai waken naki ne ya fara taɓa min ido."

Fermin ya kwashe da dariya. Amparo ba ta yi ba, amma ta ji wani abu ya ɗan sake a ƙirjinta. Aka kama Noelia ta hau, sai ƙafarta ta tsaya tana lilo, ba ta kai feda ba. Sirdin na nan a tsawon Mino. Fermin ya zaro sifana daga aljihun kekensa, Amparo ta miƙa hannu.

"Ba ni. Ni zan yi."

Notin ya yi tsatsa, ya ƙi motsi. Ta ɗiga masa mai, ta jira, ta sa duka hannuwanta biyu ta danna har jijiyar wuyanta ta fito. Ya saki da wata ƙara mai kama da kukan ƙofa. Ta dafa sirdin ta tura shi ƙasa, ya nitse, layin dattin da ya nuna inda yake tsaye duk shekarun nan ya shige cikin ƙarfe. Ta ɗaure notin ba ta dubi kowa ba.

"Sirdin nan a karkace yake," in ji Noelia da ta zauna.

"Haka mai shi yake."

Fermin ya ɗaura wata 'yar fitila a kan keken. "Wannan doka ce, Amparo. Ki kunna a kogo. Kuma ki yi magana, ba Mino ba ce."

"Ka koya wa kakarka."

Suka tashi da kyar, keken na tangaɗi. Ƙafafun Noelia a sanƙare suke, tana kokawa da feda, tana riƙe da mariƙinta kamar za ta karya shi. Amparo ta buɗe baki, kalmomin da ta daɗe da ajiyewa suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Gangara kaɗan. Kwana ta dama, kwanta tare da ni, kar ki yi gardama da keke. Kashin shanu. Birki. Masu tafiya a ƙafa, baƙi ne, ba su san gefensu ba.

"Wannan ƙarar fa?"

"Shanun Secundino na can sama, ƙararrawarsu ce."

"Ubana ba shi da shanu."

"To na wani Secundinon ne. Taka."

Sun wuce gonakin tuffa, sun wuce tsohuwar rumfar wanke kwal, kafaɗun Noelia suka fara saukowa. Mace ce mai ƙarfi, ta saba ɗaukar kwandunan burodi, da ta daina faɗa da fedar sai keken ya miƙe yana tafiya kamar da. Ta ce iska na shiga mata hanci. Ta ce rabonta da gudu tun ranar da ta ajiye makullin mota. Daga nan Amparo ta ji tana jan majina, ta yi kamar ba ta ji ba.

"Kogo a gaba," ta ce. "Dogo ne, akwai sanyi, akwai duhu."

"Duhun ki riƙe abinki. Ni ina da nawa."

Suka shiga. Fitilar Fermin na nan a kan keken, hannun Amparo bai ko tuna da ita ba, don bai taɓa kunna fitila a wurin nan ba. Sanyin dutse ya rufe su, ƙarar taya ta cika ramin, ruwa na ɗiga daga sama. Bakin Amparo ya rufe da kansa, kamar yadda ya saba rufewa a daidai nan. Ga nauyin mutum a baya, na gaske. Ga ɗumin jiki, ga numfashi a ƙeyarta, ga sarƙa a miƙe da ƙarfin ƙafa huɗu. Tun da Mino ya mutu ba ta taɓa jin sa kusa haka ba. Daɗi ya kama ta har idonta ya ciko. Ta manta da Noelia sarai, ta saki kunnenta tana jira.

"Amparo?" in ji murya daga baya. "Amparo, me ke faruwa?"

Ta ji, amma kamar daga wani gida. Haske ya ɓullo a gaba, ya girma, ya cika mata ido fari fat. Ta jira jan numfashin. Ta jira keken ya kwanta hagu.

Tayar gaba ta kauce da kyar, fedar dama ce ta daki turken. Keken ya juya ya watsar da su a kan tsakuwar gefen hanya.

Amparo ta tashi da gwiwa a fashe. Noelia na zaune a ƙasa, tabarau ya faɗi, gwiwar hannunta na jini, tana lalube da tafin hannu a kan tsakuwa.

"Mene ne muka buga?"

"Turke. Na ƙarfe, a tsakiyar hanya."

"Yau aka kafa shi?"

"Ya daɗe."

"Kin san da shi."

"Na sani."

"To me ya hana ki faɗa? Tun da muka shiga ramin nan kika ɗauke wuta. Ina kiranki kina shiru. Ni ban san ko mutuwa kika yi a kan keken ba." Ta juyo da fuskarta saitin Amparo, ta ɗan kuskure ta. "Wa kike jira?"

Ba wanda ya taɓa tambayarta kai tsaye. Amparo ta tsugunna ta ɗauko tabarau ta sa mata a hannu, sannan ta faɗa mata, a gajarce, ba ado: kogon, da turken, da Mino da ke faɗa mata hanya, da ƙafar hagu a tudun rafi. Tana jiran dariya ko tausayi, kuma da ta samu ɗaya daga ciki da ta ji sauƙi.

Noelia ta goge tabarau da gefen rigarta ta mayar. "Ban ce ƙarya kike ba. Ni yanzu ba ni da bakin cewa abu babu shi don ban gan shi ba. Amma ki ji, Amparo, ni makauniyar bana ce. Ban san turke ba, ban san ruwa ba, ban san komai ba sai abin da ya fito daga bakinki. In shi za ki saurara, ki bar ni a nan ki aiko ubana. In ni za ki mayar, ki yi magana. Ba za ki iya duka biyun ba."

Hanyar gida ɗaya ce, ta cikin kogon. Amparo ta dubi baƙin bakinsa, ta daɗe tana dubansa. Ta ɗaga keken, ta miƙe kansa da ya karkace, ta ɗaure wa Noelia hannu da ɗankwalin wuyanta. Sannan ta kunna fitilar.

"Ƙafar dama a kan feda," ta ce. "Turke a hagunmu, za mu wuce shi yanzu. Mun wuce. Mun shiga."

Ba ta yi shiru ba ko na numfashi ɗaya. Ta faɗi ruwa, ta faɗi lanƙwasa, ta faɗi inda kwalta ta fashe, ta faɗi baƙin hayaƙin jirgi da ke manne a rufin har yau, wanda ita ma sai ranar ta fara ganinsa. Da abin faɗa ya ƙare ta faɗi launin dutse. Muryarta ta daki bango ta dawo ta cika ramin, ba wurin da wata ƙara za ta shiga. Ta san in Mino yana magana a bayanta a lokacin, ita ce ke danne shi. Hawaye na zuba tana faɗin hanya, har suka fito ɗaya bakin.

A tasha Fermin ya dubi gwiwarta, ya dubi ɗankwalin da ke hannun Noelia, ya buɗe baki.

"Kar ka ce komai," in ji Noelia. "Direbar taka sai a hankali, amma zan koya mata. Ranar Alhamis, Amparo?"

"In ba ki makara ba."

Washegari Amparo ta fito ita kaɗai da hantsi. Ta yi tunanin mayar da sirdin sama, har ta ɗauko sifana, sai ta ga ba ta san daidai inda yake ba, ta ajiye. A tudun rafi ta shiga hawan a hankali, ta sassauta ƙafa don ta ba Mino wuri. Keken ya rage gudu, ya rage, ya tsaya. Ta sauke ƙafa kafin ya kayar da ita. Ta tura shi har sama tana haki, gwiwar na zugi.

Duk da haka ta zarce Dogon Kogo. A tsakiyarsa, inda ba a ganin kowane baki, ta tsaya ta sauka, ta dafa sirdin baya da hannu ɗaya. Ta riƙe numfashinta ta saurara. Ruwa na ɗiga. Can nesa iska na shiga ta wani tsagi. Ta tsaya har sanyi ya shiga mata ƙashi, ba ta ji komai ba sai wannan.

Wasu baƙi ne suka zo a kan kekunan haya, mata da miji, fitilunsu na rawa a bango. Suka ja birki da suka ga tsohuwa a tsaye cikin duhu.

"Lafiya, baiwar Allah?" in ji matar. "Keken ne ya lalace? Ko kina jiran wani ne?"

Amparo ta ɗauke hannunta daga kan sirdin.

"A'a," ta ce. "Ba kowa. Ku yi hankali in za ku fita, akwai turke a bakin."